Ana iya riƙe gida da ƙirar wuƙa a yau?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan gidan maƙera ne ta wajen uba, amma boko na yi, ban taɓa zama bakin wuta ba sai dai in leƙa in wuce. Bara mahaifina ya rasu, ya bar uwar maƙera da masaɓa da awartakai a zaure, ƙura na ta hawa kansu. Ƙanensa yana nan yana ƙira, ya ce in zo ya koya mini wuƙa, don ita mahaifina ya yi suna a kanta. Shekaruna 24, na gama difloma, aiki bai samu ba. Shin mai shekaru irin nawa zai iya koyo? Shekara nawa za ta ɗauke ni? Kuma ana iya riƙe iyali da ita yanzu da wuƙaƙen waje suka cika kasuwa?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa can ta fi nan. Tambaya uku ka yi mini, ɗana, amma na ji ta huɗu a ƙarƙashinsu wadda ba ka furta ba: ko sana'ar nan an binne ta tare da shi. Ni ma a maƙera aka haife ni, a wani gari kusa da Kano, na yi zuga tun ban san hannun dama da na hagu ba, kuma yau sama da shekara 40 ina bugun ƙarfe. Amsata a taƙaice ita ce za ka iya koyo, kuma wuƙa tana ciyar da mai ita. Sai dai tana ciyar da wanda yake ƙera wa mutanen da wuƙa ce abincinsu. Wanda zai zuba wuƙaƙe a faifai yana jiran mai wucewa ya taya, wannan kam kasuwa ta riga ta bar shi a baya.

Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Mu maƙeran baƙi, wato masu aikin baƙin ƙarfe (maƙeran fari su ne na azurfa da tagulla da gaci), ba yau muka fara ganin sauyi ba. Labarin da ake bayarwa na kafuwar Kano ma da maƙeri ya fara, wanda ya taso daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, wato dutsen da ake narkarwa a fitar da ƙarfe, kuma Abagayawa, wata zuriyar maƙera a Kano, har yau da shi suke danganta kansu. Masu tonon kayan tarihi sun samu alamun narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Duk tsawon wannan zamani, kafin a ƙera wuƙa ɗaya sai an haƙo dutse, an gina tanderu, an ƙona gawayi mai yawa, an kwana ana gadin wuta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacen layin dogo suka fara shigowa, aikin tama ya yi ta ja da baya har ya mutu. Kakana ya riski ƙarshensa, kuma har ya rasu yana cewa ƙarfen Bature ba ya jin magana. Amma 'ya'yansa da ƙarfen Baturen suka yi aure suka gina gidaje. To sana'ar da ta rasa ƙarfenta na asali ta rayu, ba wuƙar leda mai walƙiya ce za ta kashe ta ba.

Abin da ya wuce ka, da abin da kake da shi

A gidanmu yaro yana shiga maƙera da shekara 6 ko 7. Aikinsa zuga. Zai zauna gaban zuga-zugi, fatun akuya biyu, hannu ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, daga hantsi har azahar. In ya yi gyangyaɗi wuta ta faɗi, zai ji awartaki a gwiwa. Ni shekara biyar na yi a nan. Daga baya aka ba ni fasa gawayi da miƙe tsofaffin ƙusoshi, sannan bugun taimako: babba na riƙe da ƙarfe yana nuna wuri da ƙaramar masaɓa, kai kana saukar da babbar masaɓa daidai inda ya nuna. Sai na kai 15 aka bar ni na ƙera tsinken tsire da ƙaramar wuƙar yankan kuɓewa. Wuƙar mahauci kuwa, mahaifina bai bari na tsoma ta a ruwa da hannuna don ta taurara ba sai ina da shekara 20.

A lokacin gani nake mugunta ce. Sai da na girma na gane cewa mai zuga shi ne ya fi kowa kallon wuta. Shekara biyar idona na kan ƙarfe yana sauya launi, daga baƙi zuwa ja mai duhu, zuwa ja kamar garwashi, zuwa ruwan lemo, zuwa rawaya, har inda yake fara tartsatsi, alamar ya ƙone. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan, shiga ya yi da kansa. Shi ne abin da ya wuce ka, kuma kada ka raina shi. Bugu ba wuya. Ƙato mai ƙarfi zai iya fitar da siffar wuƙa cikin wata biyu ko uku. Karanta wuta ne ke cin shekaru.

Amma kana da abin da ba mu da shi. Kai za a iya gaya maka dalili ka riƙe, ka rubuta, ka gwada, ka kwatanta. Mu "haka muka tarar" aka ba mu. Idan ka zauna wurin baffanka kullum, ba zuwan ganin dama ba, a shekara ɗaya za ka yi wuƙar da matan gida za su saya su yi murna. Wadda mahauci zai dawo ya ce a ƙara masa irinta, ka ba kanka shekara uku. Na koya wa samari biyu da suka zo mini da gemunsu; ɗaya ya kai haka, ɗaya ya gudu a wata na huɗu saboda kunyar a gan shi yana zuga yara na wucewa. Wannan kunyar ita ce babbar abokiyar gabarka, ta fi zafin wuta. Ranar da baffanka ya ce zauna ka yi zuga, ko da fankar ƙafar keke ce irin ta yanzu, ka zauna, ka bar difloma a ɗaki.

Inda wuƙa take zama wuƙa

Farkon abu ƙarfe. Ba kowane ƙarfe ne yake riƙe kaifi ba. Rodin gini da falankin ƙarfen ƙofa ko ka shekara kana tsoma su ba za su yi tauri ba, domin sinadarin kabon da ke cikinsu kaɗan ne, bai fi kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin 100 ba. Sifirin mota, wanda yawancinmu muke amfani da shi, yana da wajen 0.6, shi ya sa yake taurara kuma ba ya saurin karyewa. Tsohon magagari yana kaiwa kashi 1 ko fiye. Yana yin aska mai kyau, amma gautsi gare shi, bai dace da mai saran ƙashi ba. In ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ka ɗora ƙarfen a injin gurza ka kalli tartsatsin. Dogo mai tafiya sumul, ƙarfen banza ne a wurinka. Wanda yake fashewa a ƙarshe kamar furen gero, shi kake nema. Ka kuma duba sifirin da kyau kusa da ramin tsakiyarsa, nan ne tsaga take ɓuya. Ƙarfen da aka shafa wa farin tutiya, irin na bututun ruwa, kada ka sa shi a wuta ko kyauta aka ba ka, hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Gawayi kuma na ƙirya ne sarki. Yana da nauyi, yana riƙe zafi, ba ya watsewa da iska. Yanzu ya yi wuya ya yi tsada, don ƙiryar ta ƙare a kusa da garuruwa, kuma wannan yana cikin abin da zai ci ribarka. Ka koyi kashe wuta da zarar ka gama, ka tsince ragowar.

Bugun kansa baffanka zai nuna maka, rubutu ba ya koya shi. Abu biyu kawai zan ce. Kada ka ci gaba da bugu bayan jan ya tafi, tsaga kake shukawa a ciki. Kuma kada ka sirantar da bakin har ƙarshe kafin tsomawa. Bar masa kaurin kamar milimita 1, sauran na dutse ne. In ka gama siffa, ka mayar da ita wuta ta yi ja, ka ajiye ta huce da kanta a iska, sau biyu ko uku. Tsofaffinmu cewa suke a bar ta ta huta. Gaskiya suka faɗa, wahalar bugu ce take sauka daga jikinta.

Sai tsomawa, kuma a nan zan daɗe. Mahaifina ba ya tsoma wuƙa da rana tsaka. Sai bayan la'asar sakaliya, ya sa a saki asabari a ƙofar maƙera, ciki ya yi duhu-duhu. Dalili kuwa, jan da za ka gani a rana ba shi ne jan gaskiya ba. Ƙarfen da ya yi maka kamar bai nuna ba a hasken rana, ya riga ya wuce. Zai kwantar da ruwan wuƙar cikin garwashi, gadon baya a ƙasa, baki a sama, yana ja yana turawa don zafin ya daidaita daga tsini har gindi. Ba mai magana. In ya ɗaga yatsa, mai zuga ya sassauta. Da ya ga launin da yake so, sai ya zaro ta ya tsoma bakin kaɗai a ruwan kasko, kamar faɗin yatsa, ka ji "cuuu", ya ɗaga, ya goge gefen da sauri da ɓallin dutse don farin ƙarfe ya fito. Sai ya tsaya yana kallo. Zafin da ya rage a gadon baya yana gangarowa zuwa baki, yana tura launi a gabansa. Da launin karan dawa busasshe ya iso bakin, sai ya nutsar da ita duka. Aikin bai fi ƙiftawa goma ba, amma shi ne wuƙar.

Ga abin da ke faruwa, tunda kai ɗan boko ne. Ƙarfe irin sifirin yana bukatar zafin digiri 800 zuwa 850 kafin a tsoma. A wajen digiri 770 mayen ƙarfe yake daina kama shi, don haka ka ɗaure mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a waya kusa da wuta: in ya daina kamawa, ƙara ɗan zafi kaɗan, ka tsoma. Sanyin gaggawa yana sa shi tauri kamar gilashi, kuma kamar gilashi zai fashe in ba a sassauta shi ba. Wannan launin da ke gangarowa shi ne sassautawar. Ruwan kara yana nuna wajen digiri 220 zuwa 230, nan wuƙar yanka take so. In ya kai shuɗi, wajen 300, ya yi laushi ga wuƙa, sai dai adda ko abin da zai sha sara. Ni yanzu a mai nake tsomawa, man gyaɗa da aka ɗan ɗumama, domin ruwa yana da zafin rai ga sifirin, mai koyo zai yi ta jin "ƙas" yana asara. Baƙin man mota ma yana yi, amma hayaƙinsa ba abin shaƙa ba ne. In ka tsoma, ka goga magagari a bakin: in ya zame bai ci ba, ta taurara.

Na taɓa jin kunya a kan wannan. Sabon aurena, ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, aiki ya yi mini yawa, na tsoma wuƙaƙe da rana don in cika alkawari, ban kuma tsaya sassauta su yadda ya kamata ba. Wani mahauci da ya shekara 30 yana saye a gidanmu ya ɗauki ɗaya. Ran Sallah da yamma ya dawo da ita, bakin ya ɓalle kamar an gatsa, wai a haƙarƙarin bijimi, gaban mai layya da iyalinsa. Bai ɗaga murya ba, ya ajiye ta gaban mahaifina ya ce, "Sarki, wannan ba hannunka ba ne." Mahaifina ya ba shi tasa ta kansa, ya ɗauki tawa ya soke a azarar maƙera daidai inda nake zama. Shekara biyu tana nan, bai taɓa ce mini komai a kanta ba.

Wani wurin da samarin yanzu suke ɓata aiki shi ne injin gurza. Ka yi tsomawa mai kyau, sannan ka danna bakin a inji har ya yi shuɗi, ka kashe ta ke nan. Gurza kaɗan, tsoma a ruwa, gurza kaɗan. Ƙarshen kaifi a dutse da ruwa ake fitar da shi. Ƙota kuwa, marke ko ƙaho, a kafe da ƙusa biyu ko uku, kada ta yi girgiɗi. Kube aikin baduku ne, ka nemi naka tun da wuri ku saba.

Wa zai saya

Wuƙar waje mai arha ta ƙwace ɗakin girki, wannan kada mu yaudari kanmu. Ba ta tsatsa, tana da kyan gani, amarya tana son ta a jere. Irin ƙarfenta, mai sinadarin kuromiyam sama da kashi 10 cikin 100, yana son zafin da ya haura digiri 1,000 a riƙe shi daidai, abin da wutar gawayi da ido ba za su iya ba. Don haka kada ka ce za ka yi gasa da ita a fagenta.

Fagenka yana wurin mahauta da masu kilishi da masu tsire da balangu, da majema masu kankare fata, da dukawa, da wanzamai. Waɗannan ba walƙiya suke saye ba. Mahauci yana son wuƙar da in ta dakushe zai goga ta sau uku a dutse ko a bayan 'yar'uwarta ta dawo, kuma baƙin ƙarfe ya fi na waje mai arha a wannan, nesa ba kusa ba. Kowannensu kuma da irin tasa. Ta yanka doguwa ce miƙaƙƙiya, don a wuce sau ɗaya. Malamai suna kawo hadisin da ke cikin Muslim cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, kuma za ka ga masu yanka na gaskiya ba sa wasa da wannan. Ta fiɗa gajera ce mai tumbi, tsininta a ɗage don kada ta huda fata, domin fata mai huji kuɗinta ya faɗi. Mai kilishi yana son siririya mai ɗan lanƙwasa da za ta bi nama ta shimfiɗa shi kamar takarda. Kamfanin da ke wata ƙasa bai san hannun mahaucin garinku ba. Kai za ka iya zuwa mahauta da asuba ka tsaya ka ga yadda yake riƙo, ka tambaye shi inda wadda yake aiki da ita take ba shi haushi. Ka gaida Sarkin Fawa, ka ba mutum biyu wuƙa su gwada mako guda kafin su biya. In ta yi, su za su yi maka talla, ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Shekarar maƙeri tana da tudu da kwari. Wata guda kafin layya ba ka da lokacin cin abinci, kowa na son sabuwa ko a wasa tsohuwa, kuma wasawar nan kada ka raina ta, kuɗi ne a hannu ba ka ƙona gawayi ba. Bayan Sallah kasuwar wuƙa takan kwanta. Shi ya sa ban san maƙerin da ya riƙe gida da wuƙa zalla ba, har mahaifinka na tabbata gab da damina fartanya da garma yake yi, da kaka kuma lauje. Mafi yawanmu muna noma ma. To amsar tambayarka ta uku: ana riƙe gida, a ci a sha a biya kuɗin makaranta, in an haɗa da kayan gona da gyare-gyare. Kuɗin gina bene kuwa ban gan shi a maƙera ba. Abin da na faɗa na ƙasar Kano ne da kewayenta; garin da ba shi da babbar mahauta ko kasuwar dabbobi kusa, lissafinsa daban, sai ka auna da idonka. Bokonka zai yi amfani a nan: rubuta kuɗin ƙarfe da gawayi da ƙota da kube na kowace wuƙa kafin ka yanke mata farashi, don da yawanmu muna sayarwa a faɗuwa ba mu sani ba. Ka buga wata 'yar alama taka a gindin kowace wuƙa. Ka ɗauki hoto ka sa a WhatsApp, masu suya na Legas da Abuja 'yan gida ne, suna aike.

Akwai kuɗin da za ka ƙi karɓa. Yaro zai zo maka da zane a takarda, wuƙa mai baki biyu da ƙugiya, ko doguwar da ba ta yanka ba ta fiɗa, ya ce ko nawa ne. Ka san inda za ta. Ka ce ba ka yi, ko da ranar ba a ɗora tukunya a gidanka ba. Bayan alhaki, in aka kama shi maƙerarka zai nuna.

Ka kuma kula da jikinka tun yanzu, domin maƙeri ba shi da fansho. Mahaifina ya bar bugu yana da kusan 65, kafaɗa ta ƙi, kunne ɗaya ya toshe, idon hagu kuma tun yana saurayi ɓallin ƙarfe ya rage masa gani. Tabarau na kariya da abin toshe kunne ba su kai kuɗin wuƙa ɗaya ba, ka saya ko za a yi maka dariya. Shekarunsa na ƙarshe a kan buzu ya yi su a ƙofar maƙera, yana jan carbi. In na gama wuƙa sai in miƙa masa, ya rataye ta a yatsa ya ƙwanƙwasa da zobensa ya kai kunnen da ke ji. In amon ya yi tsawo ya miƙo mini. In ya mutu da wuri sai ya ce akwai tsaga, kuma in na karya sai in same ta. Ranar da masu dundufa, wato kiɗan maƙera, suka zo gari kuwa, tsohon nan da ba ya iya ɗaga masaɓa sai ka ga ya miƙe.

Kayan da ke zaure, ka share su a makon nan. Goge tsatsar da yashi da ɗan mai, ka duba ƙotocin masaɓa ko gara ta shiga, ka ƙwanƙwasa uwar maƙera ka ji ko tana amo. Amma kada ka hura wuta a zauren tukuna. Ka sayi goro ka je wurin baffanka da sassafe, ka durƙusa ka ce ka zo. Ka ɗauki awartakin mahaifinka guda ɗaya ka tafi da shi, zai gane shi.